An ce limfoma ta tafi: yadda za ka ci gaba da bibiyar lafiyarka a shekarun da ke gaba

Wannan rubutun naku ne, ku matasan da kuka yi fama da kansar limfoma, wato kansar kaluluwa, kuna yara ko kuna samari da 'yan mata, aka yi kemo, wato magungunan kashe kansa, wasu aka haɗa musu da gashi, wato gasa wajen cutar da hasken na'ura, wasu ma har dashen ɓargo, yanzu likita ya duba ya ce babu sauran alamar cutar. Alhamdulillahi, Allah ya ƙara lafiya ya sa kaffara ne. Iyaye da mazaje da matan da suka yi jinya ku ma ku matso, dan wani abun ku ne za ku riƙe shi ba mai ciwon ba.

Limfoma, musamman irin wadda ake kira Hojkin, cuta ce mai son matasa, daga wajen shekara 15 zuwa 35 ta fi kama mutum, kuma tana cikin kansar da ta fi jin magani, inda ake samun cikakken magani kusan tara cikin goma na matasa suna haye shekara biyar lafiya lau. To ka ga wanda ya gama kemo yana ɗan 20 yana iya samun wasu shekaru hamsin a gaba in Allah ya so, kuma magungunan da suka kashe kansar nan ba su wuce haka kawai ba, sun taɓa zuciya sun taɓa huhu da maƙoshi da ƙashi da wajen haihuwa, wani tabon ba ya nuna kansa sai bayan shekara goma, ashirin, har talatin, lokacin da kowa ya manta, likitan da ya yi maka magani ma ƙila ya yi ritaya ko ya bar asibitin.

Ba zato ake ba, an bi mutane an ƙirga. A Denmak an fitar da wani bincike a 2016 kan mutum sama da 33,000 da suka yi kansa suna tsakanin shekara 15 da 39 suka rayu, aka ga waɗanda suka yi Hojkin ana ba su gado a asibiti kusan ninki biyu na sa'o'insu da ba su taɓa kansa ba. A Holan kuma a 2015 an bi mutum 3,905 da aka yi wa maganin Hojkin tsakanin 1965 da 2000, haɗarin sake kamuwa da wata kansa daban ya ninka na sauran jama'a sau huɗu da ɗoriya, kuma har bayan shekara 35 haɗarin bai koma daidai ba. Kar gabanka ya faɗi tukuna. Yawancin mutanen nan maganin da ne aka musu, lokacin da ake gasa wuya da ƙirji da hammata gaba ɗaya da ƙarfin da ya kai Gy 40 (Gy shi ne ma'aunin yawan hasken gashi), yanzu kuwa 20 zuwa 30 ake yi a ɗan wuri kaɗan, wasu ma ba a musu gashin sam. Haɗarinka kai ya dogara ne da abun da aka saka maka da kuma yawansa. Shi ya sa aikin farko, wanda in ma ba ka yi komai a rubutun nan ba shi kaɗai dan Allah ka yi, shi ne ka san me aka maka, a rubuce.

Ka koma wajen likitan kansar ka ce kana son taƙaitaccen tarihin maganinka a takarda, shafi ɗaya ko biyu ya isa. Ba alfarma kake nema ba, tun wajen 2005 masana a Amurka suka ba da shawarar duk wanda ya gama maganin kansa a sallame shi da irin wannan takardar, kuma ƙungiyar likitocin kansar yara ta can tana fitar da jagorar bibiya tun 2003 wadda gaba ɗayanta an gina ta ne a kan wane magani aka ba ka, nawa aka ba ka. Abun da ya kamata ya fito a ciki: ainihin sunan limfomar dan iri-iri ce ba ɗaya ba, matakin da aka same ta, ranar farawa da ranar gamawa, sunan haɗin kemon kaman ABVD ko BEACOPP ko R-CHOP da zagaye nawa aka yi, jimlar kowane magani musamman doksorubisin da biliyomaisin da saiklofosfamaid, in an yi gashi wane sashe na jiki ne kuma Gy nawa, an cire saifa ko an gasa ta, an yi dashen ɓargo, naka ne ko na wani, an taɓa ƙara maka jini, da duk wata matsala babba da ta taso lokacin jinyar. Kar ka yarda da “an maka kemo shida” kawai. Kemo shida na me?

Bari in nuna maka me ya sa lissafin ke da amfani. Doksorubisin shi ne jan maganin nan da nas take turawa a hankali cikin babban sirinji, wanda in ka je fitsari ranar sai ka gan shi ja-ja har ka tsorata a karon farko. Ana auna shi da miligiram a kan faɗin jikinka, za ka ga an rubuta mg/m². A ABVD ana ba da 25 sau biyu a kowane zagaye, zagaye shida ya zama 300 ke nan, zagaye biyu kuwa 100. A R-CHOP 50 ne a zagaye, shida nan ma 300. Jagorar bibiya tana ɗaukar 250 zuwa sama a matsayin babban haɗari ga naman zuciya. Ka ga mutum biyu duk sun ce ABVD aka musu amma ɗaya yana buƙatar hoton zuciya a kai a kai ɗayan kuma jefi-jefi ya isar masa, kuma ba wanda zai iya rarrabe su da ido sai da takardar nan.

In ka karɓa ka ɗauke ta a waya, ka tura wa kanka a imel, ka ba wani na jikinka kwafi ɗaya, ka ajiye ta asalin inda ruwa ba zai taɓa ta ba. Wanda kuma ya gama magani tun tuni, ko yana yaro aka yi bai ma san komai ba, ka je sashen ajiye fayil na asibitin yanzu ba sai gobe ba, asibitoci ba sa riƙe fayil har abada. In fayil ɗin ya ɓata ka zauna da Mama ko Baba ko duk wanda ya yi jinyarka ku tattara abun da za a iya tunawa, tsofaffin katuna, takardun karɓar magani, sakamakon gwaji, an saka jan magani ko ba a saka ba, wata nawa aka yi ana zuwa. Ka duba ƙirjinka da gefen haƙarƙari, in ka ga 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe ƙanana kaman an ɗiga biro waɗanda wanka ba ya goge su, alamar da masu gashi suke yi ce dan saita na'ura, suna nuna wajen da aka gasa. Tabon tiyata a ciki shi ma a tambaya na mene ne, dan a da ana cire saifa a masu Hojkin.

To yanzu zuciya, nan zan fi daɗewa dan nan ne aka fi yin sakaci. Hanya biyu ce. Doksorubisin yana raunana naman zuciyar har ta kasa tura jini yadda ya kamata, gashin ƙirji kuma yana ƙuntata jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar, yana taurara ƙofofinta da jakar da ta lulluɓe ta, kuma wannan yawanci sai bayan shekara goma zuwa ashirin yake bayyana. Wanda aka haɗa masa biyun ya fi kowa buƙatar sa ido. Abun da ake yi shi ne eko, hoton zuciya ne da ake shafa maka wani ruwa mai yauƙi a ƙirji a riƙa goga 'yar na'ura, ba zafi ba allura. Mai babban haɗari ana so ya yi wajen duk shekara biyu, mai matsakaici duk shekara biyar, likita ne zai ajiye ka a inda ka dace in ya ga takardarka. Amfanin shi ne ana gano rauni tun kafin ka ji komai, kuma akwai magungunan da ke tallafar zuciya in an fara da wuri.

Alamun da ba a zama da su a gida: haki in ka hau bene ko ka yi 'yar tafiyar da da kake yin ta ba komai, kasa kwanciya rigingine sai ka tara filo, tashi cikin dare numfashi na sarƙewa, kumburin ƙafa, bugun zuciya yana tsalle, jiri ko suma, nauyi ko ciwo a ƙirji. Matsalar ita ce ɗan shekara 32 in ya je ya ce ƙirjinsa na ciwo abun da zai fara zuwa ran kowa shi ne olsa ce ko gajiya, dan a ƙa'ida ba shekarun ciwon zuciya ba ne. Kai ba ka cikin wannan ƙa'idar. Ka buɗe baki ka ce an gasa min ƙirji shekara kaza da ta wuce, an ba ni doksorubisin kaza, ina so a duba zuciyata. Wannan maganar ita ke canza gwajin da za a rubuta maka. Sannan hawan jini da suga da kitsen jini, waɗanda wani zai yi wasa da su ya daɗe, a wajenka suna haɗuwa ne da tsohon rauni su ninka shi, dan haka awon jini ko da sau ɗaya a shekara, gwajin suga da kolestarol lokaci-lokaci, kuma in an ɗora ka a kan maganin hawan jini ka sha, kar ka ce ai na gaji da magani a rayuwata, na san ka gaji wallahi amma ka sha. Wanda aka gasa wa wuya ya san cewa manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa su ma suna iya ƙuntata, karkacewar baki ko mutuwar hannu ko harɗewar harshe ko da na minti biyar ne ya wuce, asibiti ne a take.

'Yar'uwa, ke da aka gasa miki ƙirji ko hammata kina tsakanin shekara 10 da 30, wannan sashen naki ne kuma ina roƙonki kar ki tsallake shi. Nono mai tasowa yana da saurin jin gashi, kuma wani babban bincike na Amurka da ya fito a 2014 ya nuna cikin matan da aka gasa wa ƙirji suna yara kusan kashi 30 cikin 100 sun samu kansar mama kafin su kai 50, kwatankwacin haɗarin matan da suka gaji cutar a jini. Nan ma maganin da ne ya fi yawa a lissafin, amma shawarar ba ta canza ba: ki fara gwaji duk shekara daga shekara 25, ko shekara 8 bayan gashin, duk wanda ya zo daga baya. Misali an miki kina 14, to 25 za ki fara. An miki kina 22, sai kin kai 30. Gwajin mamogram ne, wato hoton mama na musamman da ake ɗauka da na'ura, da hoton MRI na mama inda akwai shi. Kar wani ya ce miki ai ba a yin mamogram sai an kai 40 ko 50, wannan na sauran mata ne. Tsakanin gwaji da gwaji ki san jikinki, ƙullutu, nono ya lotsa ko kansa ya shige ciki, ruwa ko jini na fita, fatar ta canza, ki kai a duba a satin. Kansar mama da aka kama tana ƙarama labarinta daban ne da wadda aka bari.

Tayirod kuwa lamarinta da sauƙi. Ƙaramar halitta ce a gaban wuya, in gashi ya bi ta wajen sau da yawa takan yi sanyi ta rage aiki, sai mutum ya riƙa jin kasala da sanyi da ƙiba ba dalili da bushewar fata da rikicewar al'ada. Gwajin jini ɗaya ne mai suna TSH duk shekara, likita ya lalluba wuyan ko akwai ƙullutu, in ta yi ƙasa ƙwaya ɗaya ce kullum da safe, shikenan. Gashin da ya kai kusa da muƙamuƙi yana busar da yawu haƙora su riƙa ruɓewa, ka riƙa ganin likitan haƙori, kuma kafin a cire maka haƙori ka gaya masa an taɓa gasa wajen.

Taba. Ban san yadda zan faɗe shi da laushi ba, wanda aka gasa wa ƙirji ko aka ba shi biliyomaisin ko magungunan kemo irin su furokabazin ba shi ba sigari ba shi ba shisha. Haɗarin kansar huhu daga gashi da haɗarinta daga taba ba tarawa suke ba, ninka juna suke. A duk abubuwan da na lissafa wannan ne kaɗai yake hannunka ɗari bisa ɗari, in ka kasa bari da kanka ka nemi taimakon likita, akwai magunguna da hanyoyin da ake bi. Tari busasshe da ya ƙi tafiya ko numfashi da ke raguwa a hankali, a gwada ƙarfin huhun.

Maganar haihuwa ita ce wadda matasa suka fi ɗauka a zuci su kasa tambaya, wani ma ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba zai haihu ba alhali ba wanda ya gwada shi. ABVD ba ta cika hana haihuwa ba, yawancin waɗanda aka ba su suna haihuwarsu lafiya. Waɗanda suka fi taɓa wajen su ne saiklofosfamaid mai yawa da furokabazin da ke cikin BEACOPP, da kemo mai ƙarfi na kafin dashen ɓargo, da gashin mara. Namiji gwajin maniyyi ne zai raba gardama, kuma ko ya fito ba kyau a shekarar farko ba a yanke ƙauna dan yakan farfaɗo bayan shekaru. Mace kuma abun da nake so ki riƙe shi ne dawowar al'ada ba ya nufin komai ya koma yadda yake, ƙwayayen na iya raguwa al'ada ta ɗauke da wuri, tun kafin 40, dan haka in kina son haihuwa ki zauna da likitan mata tun yanzu ki ji nawa ne lokacinki, kar ki bari sai an yi ta jira. Haka kuma kar wanda ya ɗauka kemo ta zama masa tsarin iyali, ana samun ciki. Likitoci sukan ce a ɗan jinkirta wajen shekara biyu bayan gama magani dan a nan ne cutar ta fi yawan dawowa. In cikin ya samu, ranar farko ta awo ki miƙa takardarki ki ce a miki eko, dan ciki yana ƙara wa zuciya aiki sosai kuma zuciyar da ta sha doksorubisin tana iya nuna rauninta a lokacin. Wani abun kwantar da hankali, binciken da aka yi a kan 'ya'yan waɗanda suka warke bai nuna sun fi sauran yara nakasar haihuwa ba. Wadda al'adarta ta ɗauke da wuri kuma a duba ƙarfin ƙashinta a yi maganar maganin da ke maye gurbin sinadaran, ba abun a yi shiru a haƙura ba ne.

Faradinisolon da danginsa, waɗanda suka kumbura maka fuska lokacin jinya, wani lokaci suna toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin kwatangwalo. Ciwo a matsematsi ko ƙugu ko gwiwa da ke ƙaruwa in ka taka, har ka fara ɗingishi, ba na shafa man zafi ba ne, a yi hoto, kuma hoton ƙashi na yau da kullum yakan kasa gani da farko sai MRI. Dindiris da jin kaman ana tsira allura a yatsu daga maganin kemo irin su binkiristin ne, yawanci yana raguwa, wani ya ɗan saura.

Sai garkuwar jiki. Wanda ba shi da saifa, ko an cire ko an gasa ta ta daina aiki, zazzaɓi a wajensa ba irin na kowa ba ne, ƙwayoyin cuta na iya mamaye jini cikin awanni. Zafin jiki ya kai 38 ko sanyi mai kaɗa haƙori, ba a shan farasitamol a jira gari ya waye, sashen gaggawa za ka nufa ka ce ba ni da saifa. Ka tabbata ka yi rigakafin nimoniya da sanƙarau da na mura ta shekara-shekara, ka tambaya ko kana cikin masu riƙe maganin kashe ƙwayoyin cuta a gida, kuma zazzaɓin cizon sauro da cizon kare sun fi tsanani a jikin da ba saifa. Wanda aka yi wa dashen ɓargo rigakafinsa na yarinta ya goge, sabo ake somawa bisa jadawali, kuma alluran da ke ɗauke da ƙwayar cuta mai rai irin na ƙyanda da shawara ba a yin su sai likitan dashen ya amince, yawanci bayan shekara biyu. Rituksimab kuma, harafin R ɗin nan na R-CHOP, yana iya tayar da ciwon hanta nau'in B da ya kwanta, har watanni bayan an gama, in ka san ka taɓa yin sa a ci gaba da gwada hantar, idonka ya yi ɗorawa ko fitsari ya yi duhu kar ka tsaya.

Yanzu ranar da aka ba ka gado, ko dan haɗarin mota ne ko tiyatar da ba ruwanta da kansa ko haihuwa. Likitan da ke kanka ranar bai san ka ba, yana da mutum ashirin a layi, kuma kai ƙila ba ka cikin hayyacinka. Ka yanki ɗan kati ka rubuta layi huɗu ko biyar ka saka a walat bayan katin shaidarka, ka kuma saka a wajen bayanan gaggawa na wayarka wanda ake gani ko tana kulle: na yi limfoma iri kaza shekara kaza, an ba ni doksorubisin da biliyomaisin, an gasa ƙirjina, ba ni da saifa, lambar wanda za a kira. Abu biyu ne a nan da mutane da yawa ba su taɓa ji ba. Na ɗaya ƙarin jini. Jagorar likitocin jini ta Birtaniya ta ce duk wanda ya taɓa yin Hojkin, har ƙarshen rayuwarsa jinin da za a ƙara masa a fara haska shi da na'ura, dan fararen ƙwayoyin jinin mai bayarwa suna iya rayuwa a jikinsa su far masa, abu ne da ba kasafai yake faruwa ba amma in ya faru da wuya a tsira, kuma jinin ɗan'uwa na jini ya fi na bare wannan haɗarin, saɓanin yadda mutum zai zata. Haka wanda aka ba fuludarabin ko bendamastin. In rai ne ke hannun Allah jini na zuba ba a jira, a ƙara wanda ke akwai, amma tiyatar da aka sa wa rana a faɗa tun da wuri a shirya. Na biyu biliyomaisin da iskar oksijin, huhun da ya sha wannan maganin yana iya jin ciwo in aka ba shi oksijin mai yawa na dogon lokaci, dan haka likitan da zai sa ka barci ya sani kafin a shiga tiyata ya daidaita. Ba cewa na yi ka ƙi oksijin in kana buƙata ba fa, a'a, sanar da su kawai za ka yi. In zuciyarka na da rauni wannan ma su sani kafin a jera maka ledojin ƙarin ruwa. Ranar sallama ka karɓi takardar abun da aka maka ka haɗa da waccan ta farko.

Tsoron dawowar cutar kuwa kowa na da shi. Yawancin dawowa a shekara biyu zuwa uku na farko take faruwa, shi ya sa ake ganinka duk wata uku zuwa shida da farko sannan a riƙa tsawaitawa har ya koma sau ɗaya a shekara. Abun lura: kaluluwa a wuya ko hammata ko matsematsi da ba ta ciwo kuma ta wuce sati biyu zuwa uku ba ta sauka ba, zufar dare mai jiƙa zanin gado sharkaf, zazzaɓi ba dalili, ramar da ta kai kashi 10 cikin 100 na nauyinka a wata shida, ƙaiƙayi ba ƙurji. Ka kira, kar ka jira ranar da aka rubuta maka. Amma kar ka matsa a riƙa maka hoton CT duk bayan 'yan watanni dan hankalinka ya kwanta, yawancin dawowa ta hanyar alamu da duban likita ake kama ta, shi kuma hoton yana ƙara maka hasken da jikinka ya riga ya sha. Wanda aka gasa wa ciki ya tambaya game da duba hanji tun daga shekara 30 ko shekara 5 bayan gashin, duk wanda ya zo daga baya, da gwajin suga. Fatar wajen da aka gasa a riƙa kallonta, gyambo ko tabon da ke canzawa a nuna. Yawan taruwar jini a ƙarƙashin fata ko haɓo ko fari fat da kasala a shekaru goman farko, gwajin jini ne.

Akwai kuma gajiyar nan da ba ta jin barci, wadda masu Hojkin da yawa ke fama da ita shekaru bayan an gama, ga mantuwa, ga faɗuwar gaba duk lokacin da ranar asibiti ta matso, wani warin asibitin kaɗai ke tayar masa da zuciya. Mutane na cewa ai ka warke sai godiya, kai kuma ka ji kunyar cewa har yanzu ba ka dawo daidai ba. Godiya ba ta hana faɗin ciwo. A fara duba abubuwan da ke da magani, ƙarancin jini, tayirod, zuciya, rashin barci, ciwon damuwa. In duk lafiya, abun da bincike ya fi nuna yana taimakawa shi ne motsa jiki, ka fara da tafiyar minti goma ka riƙa ƙarawa har ka kai wajen minti 150 a sati, mai raunin zuciya ya tambaya kafin ya fara ɗaga ƙarfe mai nauyi. Baƙin ciki da ya wuce sati biyu ya hana ka aiki ko karatu, ko tunanin gara mutuwa, wannan na likitan ƙwaƙwalwa ne kuma yana jin magani, ka faɗa wa wani yau.

In hali bai kai a yi duka ba, ko inda kake babu wasu na'urorin, ga yadda ni zan jera su: takardar tarihi tukuna, barin taba, awon hawan jini da suga, gwajin mama ga wadda aka gasa wa ƙirji ko da mamogram ne kaɗai da duban hannun likita, eko, sannan TSH. Kuma ka samu likita ɗaya, ko ba na kansa ba ne, wanda zai riƙe kwafin takardar ya san ka, ku sa wata guda a shekara da za ku zauna ku bi ta layi-layi a ga me ya kamata a yi bana. Waɗanda aka yi wa magani a sashen yara sun fi ɓacewa a nan, ana kaiwa 18 sashen yara ya sallame su na manya kuma bai san da zamansu ba. Iyaye, kafin wannan sallamar ku nemi a rubuta takardar turawa da sunan sashen da zai karɓe shi da ranar zuwan farko, kuma ku zaunar da yaron ku gaya masa ainihin sunan ciwon da ya yi da abun da aka masa, dan shi ne zai riƙa amsa tambayoyin likita daga yanzu.